Tiransit: yada zango ne ko sauyin jirgi?

Tallace-tallacen Umra sun cika waya, kuma kusan kowanne a ƙasansa an rubuta "akwai tiransit". Ina roƙon malaman harshe da ejan-ejan na Kano mu tsayar da kalmar Hausa a wannan gurbi. Kalmar nan guda ɗaya tana lulluɓe abubuwa uku da wahalarsu ba ɗaya ba ce, kuma iyayenmu tsofaffi ne ke shan wuyar.

Akwai jirgin da zai sauka a wani gari ya sha mai ko ya ɗebi fasinja, kai kana kan kujerarka. Akwai wanda za a sauke ka, a sake caje ka, ka zauna jiran wani jirgi daban. Akwai kuma inda za ka fita daga filin jirgin baki ɗaya ka kwana a otal. Wanda ya tashi daga filin Malam Aminu Kano da Ethiopian Airlines, Addis Ababa zai bi. Na EgyptAir ya bi Alƙahira. Na Qatar Airways, wadda ta fara zuwa Kano a 2022, ya bi Doha. Duk sunansu tiransit a bakin ejan.

Da na tambaya me za a kira tiransit da Hausa, mafi yawan waɗanda suka ba ni amsa sun ce "yada zango". Kalma ce mai daɗi, kuma tamu ce tun zamanin fatake. Amma a duba abin da ayari ke yi a zango. Madugu ya ba da umarni, a sauke kaya daga bayan jakuna, a shayar da dabbobi, a ɗora tukunya, a kwana. Shi ya sa unguwanni da garuruwa suka ci sunan, daga Zango ta cikin birnin Kano har zangon Kumasi. Idan ka ce wa Hajiya za a yada zango a Addis, ta ji za ta miƙe ƙafa ta huta. Sai ta tarar da awa biyu ce kacal, da sauri daga wannan ƙofa zuwa waccan, jaka a hannu, gwiwa na ciwo. Wannan ba zango ba ne.

Don haka shawarata: a bar wa na uku, wato mai kwana a otal, "yada zango". Su kamfanonin jirage awa 24 suka sa iyaka, abin da ya wuce haka shi ne tsayawa ta sosai a lissafinsu. A Hausa ina ganin kwana ne iyaka. Ethiopian kan ba da otal ga mai jiran awa 8 zuwa 24, to wanda ya kwanta a gadon otal ɗin nan ya yada zango, ko awa 24 ba ta cika ba.

Na biyu a ce "sauyin jirgi", ko "canjin jirgi" yadda bakin Kano ya fi sabawa. Ba ta da ado, na sani, amma tsohon da bai taɓa hawa jirgi ba ya gane nan take cewa zai sauka, zai kuma sake hawa. Na farko kuwa "tsayuwar shan mai" ta isa.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ratse". Malam, a yi haƙuri, ban goyi baya ba. Ratse bauɗewa ce daga hanya da son ranka, ka gaisa da dangi ka dawo. Mai tikiti ta Doha bai ratse ba, hanyarsa ke nan.

Dalilin da ya sa na dage shi ne harami. Mai shiga Jidda kai tsaye zuwa Makka dole ya san inda zai ɗaura, wato miƙati. Wanda ya biyo ta Alƙahira daura da Juhfa zai wuce, na Doha Ƙarnul Manazil, na Addis Yalamlam. A jirgi ake sanarwa, kuma banɗakin jirgi ba wurin sauya tufa ba ne ga dattijo ɗan shekara 70. Galibi a filin sauyin jirgi ake sa haramin, a jinkirta niyya. Addis kuwa tana kan tudu sama da mita 2,300, sanyin asubarta ba wasa ba ne ga mai zane biyu da silifa. Jagoran da ya gaya wa mutanensa "sauyin jirgi ne, jiran awa uku, a sa harami a jakar hannu, a riƙe bargo" ya fisshe su. Wanda ya ce "tiransit" ya yi shiru, haramin na can cikin babban akwati a cikin jirgi.

Ejan-ejan, ina so in ga talla ta gaba an rubuta haka: Kano zuwa Madina, sauyin jirgi a Alƙahira, jiran awa huɗu, ba yada zango. Wa zai fara?