Waterfall ko Scrum: wanne ya dace da manhajar asibiti ta kwangila?

Ɗan_Zariya: Assalamu alaikum. Tawagar mutum biyar ce za ta gina wa wani asibiti manhajar rajistar majinyata da biyan kuɗi. An yanke farashi, wa'adi wata shida. Wane tsarin aiki ya fi dacewa?

Malam_Gwaji: Wa alaikumus salam. Tunda an yanke farashi, hankali zai fara karkata ga Waterfall, tsarin da ake gama mataki ɗaya kafin a shiga na gaba: a tattara buƙatu, a sa hannu, a tsara, a rubuta kod (umarnin da kwamfuta ke bi), a gwada, a miƙa. Kowa ya san abin da aka biya kuɗi a kai, takardu kuma suna nan in gardama ta taso. Illarsa ita ce gwaji sai a ƙarshe. A wata na biyar ne ma'aikaciyar jinya za ta ga allon, ta ce ai akwai majinyata masu kati biyu, alhali an gina ma'ajiyar bayanai a kan lambar kati ɗaya ga kowane majinyaci. Gyaran nan zai taɓa teburan bayanai da rasit da rahotanni duka. Shi kansa Winston Royce, wanda ake jingina wa tsarin saboda maƙalarsa ta 1970, ya yi gargaɗin cewa bin matakan sau ɗaya tak yana da haɗari.

Hajiya_Kod: Malam ya faɗi gaskiya, amma Scrum, tsarin yin aiki kaɗan-kaɗan ana nunawa ana gyarawa, shi ma da sharaɗinsa. Ku raba aikin zango-zango, mako biyu kowanne, wajen zango sha biyu ke nan. Ƙarshen kowane zango a nuna abin da ke aiki ga masu karɓar kati da akawu, ba ga shugaban asibiti kaɗai ba. Ganawar da tawaga za ta riƙa yi kullum kada ta wuce minti 15.

Inda ake faɗuwa: asibitin bai ware mutum ɗaya mai ikon cewa "wannan kafin wancan" ba. Sai kowane sashe ya riƙa turo tasa buƙatar, aiki na ƙaruwa, kuɗi na nan yadda suke. Ku rubuta a kwangila cewa duk sabon abin da ya shigo, sai an cire wani mai girmansa. Ku kuma amince tun farko cewa "an gama" na nufin an gwada, wani ya duba kod ɗin, an ɗora shi inda za a yi amfani da shi.

Injiniya_Maradi: Ɗan'uwa, kafin zango na farko ku ari dabarar Spiral, ta Barry Boehm a shekarar 1986: a fara da abin da ya fi haɗari. A nan abu biyu ne, yadda manhaja za ta ci gaba da aiki in intanet ta yanke sannan ta daidaita bayanai in ta dawo, da kuma kwaso tsofaffin bayanai. Ku ba su mako uku, ku yi samfurin gwaji. Cikakken Spiral ya yi wa mutum biyar nauyi. Bayan miƙa aiki, gyare-gyare sun fi tafiya da Kanban, tsarin bibiyar ayyuka a kan allo, a taƙaita ayyukan da ke hannu zuwa uku a lokaci guda.