Postgraduate da thesis: me za mu ce da Hausa?

Mai Shiri: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe ina da shiri a rediyo kan ɗaliban Damagaram masu zuwa Kano da Zariya ƙaro karatu. Takardun can duk Ingilishi ne: postgraduate, thesis, dissertation, supervisor. A taimaka mini da Hausarsu kafin dare.

Ɗan Birni: Postgraduate shi ne karatun gaba da digirin farko. Lisansi digirin farko, masta na biyu, dokta na uku. Amma ka ja kunnensu, lisansinmu shekara 3 ne, digirin Najeriya yawanci 4.

Ƴar Zango: Thesis kundi ne, a Jami'ar Bayero ta Kano kundin digiri ake cewa. Dissertation kuwa kada ka wahalar da kanka, masu harshen ma ba su daidaita ba. A Ingila yawanci shi ne na masta, thesis na dokta, a Amurka kuma akasin haka. Ka ce kundin digiri na biyu, kundin digiri na uku, ka huta.

Tsohon Malami: Kundi? Kundi na malamin zaure ne, inda yake tara laƙani da addu'o'i. Shi digirin ma Hausa ce? Ni tsani nake cewa: tsani na ɗaya, na biyu, na uku. Thesis kuma taskar bincike.

Ɗan Birni: Allah ya gafarta Malam, in ya ce ɗan tsani na biyu a rediyo, magini za a zata.

Tsohon Malami: Matsalarku ke nan, sai abin da Kano ta yanke. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, har yanzu aro muke?

Ƴar Zango: Baba, ka shiga Jami'ar André Salifou ta Damagaram ka ji. Memuwar da sutunans na Faransanci, wato kundin da zaman kare shi, kowa ke faɗa, ba wanda ya ce musu aro. Sai na Kano ne ke maka ciwo?

Tsohon Malami: Duka biyun ciwo suke mini.

Mai Shiri: Don Allah a dawo kan magana. Supervisor fa?

Ɗan Birni: Mai duba kundi. Sutunans kuma kare kundi.

Tsohon Malami: To, ku ce kundin, tunda kun fi ni yawa. Amma shi jagora ne, aikinsa ya wuce dubawa. Kuma ka ambaci tsani ko sau ɗaya ne.

Mai Shiri: Jagoran bincike na ɗauka, Malam. Tsanin kuwa sai ranar da ka zo shirin da kanka.