Ruwan bana ya ɗauke: yaya makabartar unguwarku take?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk baƙon da ya sauka Sakkwato, Hubbaren Shehu muke fara kai shi, inda Shehu Usmanu yake kwance tun 1817, kuma wurin yana samun kulawa. To amma tsofaffin makabartun unguwanni fa, inda iyayenmu da kakanninmu suke? Da yawanmu sai ranar jana'iza muke taka su. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Dattijo mai haƙar kushewa: Wa alaikumus salam. Ɗana, aikin da na tsufa a cikinsa ke nan. Itacen da ake jerawa bisa ramin ciki ba ya dawwama, gara tana cinsa. In ruwan Agusta ya jiƙa ƙasa sosai, sai saman ya rufta. Bana na tarar da wadda ta buɗe har ana hangen likkafani, wallahi ban iya cin abinci ba ranar. A da fasassun tukwane ake haɗawa a rufe, su kuwa ba su ruɓewa. Kuma in za ku cike, ku nemo jar ƙasa ku kwaɓa. Yashi ruwan farko zai tafi da shi.

Matashi daga Runjin Sambo: Baba ya yi gaskiya. Mu gayya muka kira bayan sallar asuba: fartanya, lauje, shebur da baro biyu na aro. Wani ya ce a cinna wa ciyawar wuta a huta, liman ya hana, ya ce alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce. Da hannu muka nome ta, muna kaffa-kaffa da macizai.

Wata uwa daga Mabera: Ni ban shiga ba, amma maigidana can yake kwance. Na dama kunu na aika wa masu aikin, na sayi randa aka ajiye a bakin ƙofa saboda ruwan kwaɓa ƙasa. Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana.

Malamin makaranta: Amin, Inna. Tamu matsalar katanga ce. Gefe ɗaya ya zube, awaki suka samu hanya, masu babur suka mai da wurin yanke, har shara aka fara zubarwa. Alhali Annabi (SAW) ya hana ko zama a kan kabari. Mun fara karo-karon bulo a masallaci, kowane gida gwargwadon ƙarfinsa.

Mai buɗe zance: Allah ya saka da alheri. Baba, in muka tara ɗan kuɗi, me za mu fara saya muku?

Dattijo: Diga da shebur sababbi, sai fitila mai caji saboda jana'izar dare. Ku kuma tanadi itace tun rani, don da damina samunsa wuya yake.