Ɗana ba ya gaida mutane, surukata ta ce laifina ne

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Ina da yaro ɗan shekara 5, shi ne na fari. A Abuja aka haife shi, gidan haya mu uku kacal, maƙwabta babu Bahaushe, makarantarsa Turanci zalla. Bara aka dawo da maigidan Kano, muka tare a sashen baya na gidansu, wai kafin a gama namu, ginin da har yau ko linta bai kai ba. To yaron nan in ya shiga ɗakin Hajiya sai ya tsaya ƙiƙam, ba durƙuso, ba ina kwana. Jiya a gaban baƙi ƙanwar babansa ta miƙa masa ƙosai, ya karɓa da hagu, ya kira sunanta gatsau. Hajiya ta ce, "Ku ƙyale shi, abin da aka shuka ne." Wallahi ban runtsa ba. Ya zan yi?

Uwargida: Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Ya'yana bakwai, babu wanda zai wuce babba bai kai gwiwa ƙasa ba. Ki samo tsinken tsintsiya biyu ki ajiye inda zai riƙa gani. Ranar da bai gaida Hajiya ba, kar ki ba shi shayi sai ya koma. Sati ɗaya ya isa.

Malamar Islamiyya: Hajiya Uwargida, a yi haƙuri. Salla ma da take ginshiƙi, hadisin Abu Dawud cewa ya yi a umarci yara da ita suna shekara 7, duka sai 10. Umar ɗan Abu Salama yana yaro hannunsa na yawo a akushi, Annabi (SAW) bai tsawata ba, ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. 'Yar uwa, ki riƙo hannunsa kowace safiya ku shiga tare, ke ki fara durƙusawa yana kallo. In ya miƙo hagu, ki riƙe abin har ya sauya hannu.

Uwargida: Malama, mu ma mun zauna a gaban allo. Lallaɓawar nan ce ta sa yaran yanzu ke kallon tsabar idon iyayensu.

Mai tambaya: Ni fa yarona ba marar kunya ba ne, yana gaida babansa da Turanci kullum. Kuma Hajiyar ce da kanta ke ce masa "maigidana", tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba, shi ma ya rama a yi ta dariya. Ta ina zai gane yaushe ne wasa?

Maman Biyu: Hmm, gidan dangin miji! Nawa yaran har ƙasa suke gaisuwa, amma tawa surukar cewa ta yi na koya musu munafunci. Ko zinare kika haifa sai an kushe. Ni da Sallah ma ban je ba.

Baban Yara: Durƙuson nan al'ada ce, malamai da yawa ma suna hana rusunawa wajen gaisuwa. Ku koya masa sallama, ya ce Gwaggo, ya ce Kawu, ya wadatar. Wai shi uban yana ina ne a duk wannan?

Uwargida: Ka je ka faɗa wa Hajiyarka haka a tsaye, ka dawo ka ba mu labari. 'Yar nan, ki karɓe wayar da kike ba shi yana kallon katun, na san kina ba shi.

Mai tambaya: Awa ɗaya ce kawai, in ina girki. Shiga tare kuma na gwada, Malama, bayan zanina yake ɓuya, Hajiya ta ce in daina yi mata wasan kwaikwayo. Gobe Juma'a duk dangi za su zo cin tuwo. In kai shi gidanmu ne ya wuni, ko in bar shi?

Maman Biyu: Kai shi.

Uwargida: Kika kuskura, cewa za su yi kin ɓoye shi.