Shawarwari ga masu son karanta ilimin laifuka a jami'a

Ranar Asabar muka zauna a Aboabo, nan Kumasi, da ƙannenmu da suka gama WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. Ga abin da na tsinta.

Wani yayanmu da ya karanta ilimin zamantakewa a jami'ar KNUST ta Kumasi ya ce kada kowa ya zaci aikin ɗan sanda za a koya masa. Abin da ake bincika shi ne: me ke kai mutum ga laifi? A 1876 Lombroso, wani likitan Italiya, ya ce da alamunsa ake haifar mai laifi. Tuni masana suka watsar da wannan. Sutherland kuwa, wani masanin zamantakewa na Amurka, ya ce wurin abokan hulɗa ake koyon laifi. Nan muka fi daɗewa, kuma na gamsu, domin duk wanda ya tashi a zango ya ga yadda majalisa ke gyara yaro ko ta lalata shi.

Wata malama ta ce, "Ƙannena, kada ku guji lissafi, da alƙaluma ake bincike." An kuma ce su karanta Dokar Laifuka ta Ghana ta 1960 tun kafin shiga aji, sannan su nemi izinin ziyartar gidan yarin Adum ta hannun sashensu na jami'a.