Kwana 18 a Kanada da yara huɗu: mu ratsa ƙasar ko mu tsaya a gabas?

Baban Yara, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Kanada da iyali ko kuma suke zaune a can. Ƙanin maiɗakina yana Misisaga, kusa da Toronto, kuma ya daɗe yana roƙon mu kai masa yara su san 'yan'uwansu. Bana mun yi niyyar tafiya a dogon hutun makaranta na watan Agusta, idan Allah ya kai mu, ni da maiɗakina da yara huɗu: babbar shekararta 15, sai mai 11, sai mai 7, sai auta mai shekara 3. Kwana 18 gare mu.

Abin da ke raina shi ne, tunda za a kashe kuɗin jirgi mai yawa haka, kuma ba lallai ne a sake samun irin wannan dama ba, in ɗauki hayar mota a Toronto mu ratsa ƙasar har Bankuba a bakin tekun Fasifik, mu ga duwatsun Roki a hanya, sannan mu dawo ta jirgin sama. Tuƙi ba ya ba ni tsoro, domin nakan yi Kumasi zuwa Bolga a yini guda saboda harkar kasuwancina, kuma 'yan Kanada ma hannun dama suke bi kamar mu. Maiɗakina kuwa ta ce ba da ita ba, ba za a ɗaure mata ɗan shekara uku a kujera kwana da kwanaki ba. Shin wannan tsari zai yiwu, ko jirgin ƙasa ya fi? Kuma yaya ake yi da abinci da salla a hanya?

Ɗan Zango a Edmonton

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni haifaffen Asawase ne, kuma babbar mota nake tuƙawa a nan, saboda haka hanyar da kake magana a kanta ita ce gonata. A taƙaice, Hajiya maiɗakinka ta fi ka gaskiya.

Daga Toronto zuwa Bankuba ta hanyar mota ya kai kilomita 4,400 ko kusa da haka, wato kamar ka yi Kumasi zuwa Akra sau goma sha bakwai a jere. Lardin Ontariyo kaɗai ya ninka Gana sau huɗu da ɗoriya. Idan ka bar Toronto da asuba, za ka yi kusan kilomita 1,400 kafin ka isa Tanda Be, kuma har a lokacin ba ka fita daga lardin ba, saura tafiya mai nisa kafin iyakar Manitoba. A arewacin tafkin Sufiriya za ka yi sa'o'i kana ganin itace da dutse da ruwa kawai, ga wasu manyan namun daji masu ƙaho da suke tsallaka titi da almuru, waɗanda ko mu masu manyan motoci muna shakkarsu. Bayan Winifeg kuma sai shimfiɗaɗɗen fili na alkama, yini guda ko fiye. A hanyar Bolga ko'ina ka tsaya akwai mai ƙosai ko mai dafaffen ƙwai a bakin titi, amma a nan sai ka yi tafiya mai tsawo tsakanin gidan mai da gidan mai. Da ƙananan yara ba za ka yi ta a ƙasa da kwana bakwai ba, sannan kamfanin haya zai ɗora maka kuɗi mai nauyi saboda ka ajiye musu mota a wani gari daban.

Jirgin ƙasan VIA Rail da ke zuwa Bankuba kwana huɗu yake yi a hanya, sau biyu a mako, kuma yakan tsaya ya ba jiragen kaya hanya, don haka ba a ƙulla wani alƙawari a ranar isowarsa. Ɗakunan kwana na mutum shida a watan Agusta za su cinye kasafinka, kwana huɗu a zaune da auta kuma azaba ce.

Game da salla, a kula da abu biyu. A Toronto alƙibla tana arewa maso gabas ne, a nan yamma kuwa ta fi karkata sosai zuwa arewa, abin da ya rikitar da ni makon da na fara zuwa. Sannan rana tana daɗewa ba ta faɗi ba a wannan lokaci, isha'i yakan yi dare ƙwarai, yara sukan yi barci kafin lokacin.

Hajiya daga Nima

Ƙanina, bara na kai jikokina uku wurin uwarsu, kuma abin da zan gaya maka shi ne gabashin ƙasar kaɗai ya ishe ku, har ya yi muku yawa. Kwana biyun farko ba ku da wani amfani, domin Toronto tana bayanmu da sa'a huɗu a wannan lokaci, yara za su tashi ƙarfe uku na dare suna neman koko. Ka bar su su huce a gidan kawunsu.

Bayan nan sai Nayagara, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba idan hanya ba cunkoso. Akwai jirgin ruwa da yake kai mutane har gindin gangaren ruwan, ana ba kowa rigar leda, amma duk da haka sai da zanena ya jiƙe sharkaf. Ƙaramar jikata ta cusa kanta cikin mayafina tana ihu saboda rugugin ruwan, muna sauka kuma ta ce a sake komawa. Ku riƙe wa kowa kayan canji a jaka. A cikin Toronto akwai hasumiyar CN mai tsawon mita 553, da ƙaramin jirgin ruwa da ke kai mutane tsibiran da ke gaban birnin, wanda ya fi hasumiyar arha kuma yara suka fi so.

Daga nan mun hau jirgin ƙasa zuwa Otawa, inda yaran suka tsaya kusan sa'a guda suna kallon yadda ake buɗe ƙofofin mashigin ruwan Rido da hannu, kusa da majalisar dokoki, ana ɗaga kwale-kwale hawa-hawa. Sai Montiriyal, sai birnin Kebek mai tsohuwar ganuwa, inda Faransancin da babbarku take koya a makaranta zai yi amfani. Kowace tafiya a cikin waɗannan 'yan sa'o'i ce, ana iya tashi a miƙe ƙafa a cikin jirgi.

Naman halal ba matsala ba ne a Misisaga da Toronto da Montiriyal. Amma ku mutum shida ne, ɗakin otal ɗaya ba zai ɗauke ku ba, saboda haka ku nemi hayar gida mai kicin, Hajiya ta dafa shinkafa da wake da safe a zuba a kula. Kuma ku sani farashin da aka rubuta a kanti ba shi za ku biya ba, a Ontariyo ana ƙara harajin kashi 13 a wurin biya, a gidan abinci kuma ana sa ran a bar wa mai kawo abinci kamar kashi 15 ko fiye. Kilishi kam kada ku ɗauka, kuma duk abincin da ke jakarku, ko shito ne, ku faɗa a filin jirgi.

Malamin Makaranta, Madina

Alhaji, kafin a yi gardamar hanya, a fara da takardu. Kowane ɗayanku, har auta, yana bukatar fasfo da biza tasa. Kuɗin bizar baƙunci dalar Kanada 100 ne a kan kowane mutum, amma iyalin da suka nema tare ba sa wuce 500. Ɗaukar hoton yatsu ya shafi masu shekara 14 zuwa sama, wato kai da Hajiya da babbar 'yarku, kuma sai kun je Akra da kanku. Ku nema da wuri, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Idan jirginku zai yada zango a Amurka, sai kuna da bizar Amurka ko da ba za ku fita daga filin jirgi ba. Ka sayi inshorar lafiya, domin asibitin Kanada ba kyauta ba ne ga baƙo. Idan kuma za ku shiga mota, doka ta wajabta kujerar yara ga auta, mai shekara 7 ma yana bukatar kujerar ɗagawa a Ontariyo muddin bai kai tsawon santimita 145 ko nauyin kilo 36 ba.

Ummu Khalil, Tafo

Da girmamawa ga Hajiyar Nima, ni ban goyi bayan a bar yamma gaba ɗaya ba idan aljihu zai iya. Daga Toronto zuwa Kalgari sa'a huɗu ce a jirgin sama, daga Kalgari zuwa Banf kuma sa'a ɗaya da rabi a mota. Gandun Banf, wanda aka kafa a 1885, yana da tafkuna masu launin shuɗi-kore kamar an zuba musu baba, kuma 'yan shekara 17 zuwa ƙasa ba sa biyan kuɗin shiga. A Dramhela kuma akwai gidan tarihi na ƙasusuwan dabbobin zamanin da, wanda ɗana har yau bai daina maganarsa ba. Sai dai tun 2023 an hana motocin ɗaiɗaikun mutane zuwa tafkin Moren da ke gandun Banf, sai an yi rajistar bas tun da wuri, kuma Agusta lokacin gobarar daji ne, kamar wadda ta cinye wani sashe na garin Jasfa a 2024. A tafi da rigunan sanyi, domin safiyar duwatsu ta fi hunturun Tamale cizo.

Baban Yara, Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maiɗakina jawabin ɗan'uwanmu na Edmonton, ba ta ce komai ba sai murmushi. Mun ajiye maganar ratsa ƙasa da mota. Za mu yi kwana goma a gidan surukina, mu je Nayagara daga can, sannan kwana biyar tsakanin Otawa da Montiriyal ta jirgin ƙasa, ragowar kuma na sayayya da haɗa kaya. Maganar Banf zan duba kuɗin tikiti shida bayan biza ta fito, idan ta yiwu sai mu sauya ta da Montiriyal. Fasfon auta ne bai fito ba tukuna, kuma shi zan bi ranar Litinin. Hajiyar Nima, a wace unguwa kuka sami gidan haya a Otawa, kuma akwai masallaci kusa?