Yaya ake yankar gashi a gida don kaiwa labo (ɗakin gwaje-gwaje)?

Uwar Biyu, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanina ya dawo daga haƙar zinare a Kuri Bugudi can arewacin Cadi, hannunsa sai rawa yake, barci ma ya gagare shi. Yayanmu da ke Faransa ya ce a yanko gashinsa a aika masa a auna ko zaiba ce ta shiga jikinsa tunda da ita suke kama zinaren. To yaya ake yankan? Kuma Inna ta kafe wai ba a ba da gashin mutum, tsoron sammu take.

Ɗan Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Daga ƙeya ake ɗiba, da almakashi mai tsabta, a yanka dab da fatar kai, kaurin kamar fensir. Ki ɗaure da zare ta gindin don su gane ina ne tushe, saboda gashi kusan santimita 1 yake fitowa a wata, kin ga santimita 3 na kusa da fata labarin wata 3 ke nan. A bushe za a sa shi cikin ambulan na takarda ban da leda, a rubuta suna da ranar yanka, in ya taɓa rini ko wani man kai shi ma a rubuta. Wanda ya zube wajen wanzami ko ya maƙale a mataji ba ya yi. In kuma ƙwal kwabo yake yi sai an jira ya fito.

Malam Likita:
Yaya ki dakata da almakashin tukun. Gashi ya fi nuna zaibar da aka ci a abinci, musamman kifi. Mai ƙona zaiba wajen aikin zinare kuwa hayaƙinta yake shaƙa, shi fitsari ake aunawa, ga shi hayaƙin na manne wa gashi ta waje sai sakamako ya fito da yawa fiye da abin da ke jiki. Ku kai shi babban asibiti nan Garwa likita ya duba shi, ku faɗa masa aikin da ya yi ƙarara, rawar hannu ba zaiba kaɗai ke kawo ta ba. Kayan da ya dawo da su daga daji kuma a raba su da ɗakin yara.

Uwar Biyu, Garwa:
Na gode Malam, Allah ya saka. Inna ma za ta fi yarda da na fitsarin wallahi. Da azumi ake zuwa ko zai iya karyawa?